Takardata a Cikin Fayil ɗin Koci

Ni 'yar kasuwar takalma ce, kuma ba na ɓoye wa kowa cewa sai da na haura shekara arba'in sannan na zauna a ajin manya na riƙe biro. Na faɗi haka tun farko ne saboda abin da zan ba da labari na rubutu ne, ko da yake a filin ƙwallo aka yi shi.

A Guangzhou ta ƙasar China nake yawancin shekara. Da safe in shiga manyan shagunan sari na titin Zhanxi Lu, in murɗa tafin takalmi, in shinshina gam, in ce wa lawban, wato mai shago, wannan ba zai ga sallah biyu a ƙafar Bakano ba. Ya ce meyo, wato babu da yarensu, babu wani sai shi. In juya zan tafi, ya jawo na kirkin daga ƙarƙashin kanta. Haka muke kullum, ni da su, har mun saba.

Ina da ɗa a garin. Ɗan ƙanina ne, amma tun yana shekara uku aka ba ni riƙonsa, a bayana ya yi wayo. Sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Babana nake ce masa, shi kuma ya ce Gwaggo. Ya zo karatun injiniya a wata kwaleji, ya kama ɗaki ɗaya a wani bene bayan titin Huanshi Lu. A shekararsa ta biyu kocin kwalejin ya gan shi yana wasa da 'yan ajinsu, ya kira shi, ya ba shi riga lamba tara.

To ni fa da can a Kano dukan yaron nan nake yi saboda ƙwallo. Takalmin makaranta ba ya wata biyu a ƙafarsa. Sai ga ni ranar Asabar a saman benen kallo, da kular zoɓo a gefena, na tattaro 'yan kasuwarmu na Kano da na Yamai, ina ihu har mayafina na zamewa. Ban san dokokin wasan duka ba, har yau ban gane abin da ake cewa satar gida ba, amma na san ƙafa. Ina kallon yadda yaro yake taka ƙasa zan gaya maka ko zai kai ƙarshen wasa. Babana kuwa in ya ɗauki ƙwallo ya karkata kafaɗa, kai ka ce hagu zai yi, sai ka ga mai tsaron baya a zaune a ƙasa yana kallon lambar bayansa. A shekarar nan suka yi ta cin kwalejoji ɗaya bayan ɗaya har suka kai wasan ƙarshe. Ranar da suka ci na kusa da ƙarshe, shi ya zura biyu, ni kuwa na rangaɗa guɗar da ta sa wata tsohuwar 'yar China da ke gabana ta dafe ƙirji, sannan ta juyo ta ce in sake.

Saura mako biyu wasan ƙarshe. A makon ne na yi aika-aikata.

Akwai wani Alhaji daga Maraɗi, mai sarin silifa, wanda ya yi hulɗa da marigayi maigidana shekaru masu yawa. Ya sauka lokacin da garin ya cika da masu sari, masaukin da ya saba sauka suka ce babu ɗaki. Ya same ni a shago da jakarsa, ƙafafu a kumbure saboda zaman jirgi. Ni mace ce ni kaɗai, ba zan sauke shi a wurina ba. Na ɗaga waya na kira Babana.

"Ga baƙo nan zan turo maka. Ka ba shi gado, kai ka sauka ƙasa."

"To Gwaggo. Amma sai an kai shi rajista fa."

A ƙasar nan doka ce, duk baƙon waje da zai kwana a gida ba a otal ba, sai an kai fasfo ɗinsa ofishin 'yan sandan unguwa an rubuta shi cikin kwana ɗaya. Na san dokar sarai. Ni kaina duk shigowata ina yi. Amma a ranar wani abu ya hau kaina.

"Rajistar me? Mutum sa'an ubanka ya sauko daga jirgi, ko ruwa bai sha ba, ka ce ya fara da ofishin 'yan sanda? A gidanmu ka ga ana tambayar baƙo takarda? Kwana uku ne kacal, wa zai sani?"

Ya ce, "To Gwaggo."

Da safiyar kwana na uku 'yan sanda masu zagayen duba takardu suka ƙwanƙwasa ƙofa, Alhaji ya buɗe musu da buta a hannu. Suka tafi da su biyun. Ba su zage su ba, ba su taɓa su ba, har shayi aka ba Alhaji. Amma sai bayan azahar aka sake su, an ɗauki hoton yatsunsu, an ba kowa takardar gargaɗi, an kuma sanar da kwaleji. Daga kwaleji magana ta isa kunnen koci kafin Babana ya iso gida.

Kocin nan gajere ne, farin gashi, ba ya ɗaga murya. Kullum da gorar shayinsa mai ganye a hannu ɗaya, da wani shuɗin fayil a hammata. A gaban 'yan wasa duka ya miƙa hannu ya ce Babana ya ba shi riga. Ya ninke ta ya sa a jaka. Ya ce daga ranar ba zai taɓa ƙwallo ba, amma ba zai fasa zuwa atisaye ko sau ɗaya ba. Shi zai riga kowa zuwa, ya jera robobin alama, ya ɗauko ruwa, in 'yan uwansa suna wasa shi yana zagaya fili da gudu, in an tashi ya kwashe rigunan atisaye ya wanke. Sannan babban sharaɗi: ya rubuta takardar amsa laifi da hannunsa, ba da na'ura ba, ya faɗi abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe, ya karanta a gaban kowa. In takarda ta yi, riga ta dawo. In ba ta yi ba, za a buga wasan ƙarshe babu shi, kuma baɗi wani zai sa lamba tara.

Da na ji, na ce ai wannan mai sauƙi ne. Rubutu dai? Yaron da ke zana injin jirgi a takarda? Amma kwana huɗu suka wuce, na kira shi, muryarsa a dushe.

"Ka ba shi takardar?"

"Na ba shi sau biyu. Ya dawo mini da ita."

"Don me?"

"Ya ce ba ta cika ba."

Nan jinina ya hau. Na ce wannan mutumin wulaƙanci yake ji. 'Yan sanda sun gama nasu sun sallami yaro, shi kuma wane ne? Na sami Alhaji a otal ɗin da ya koma, kunya ta hana shi ko fita sari. Ya ce, "Hajiya, mu tahi mu ba shi haƙuri. Ai haka aka sani. In yaro ya yi laihi, manya ka zuwa."

Haka kuwa muka yi, irin yadda ake yi a gida. Na ɗaura leshina mafi tsada. Alhaji ya zuba babbar riga, a zafin Guangzhou da ke narkar da mutum. Muka ɗauki goro da ƙullin kilishi. Ni kuma na ƙara da abin da na fi kowa iyawa: na shiga Zhanxi Lu na zaɓo takalman ƙwallo, na kirki, masu ɗinki ba masu gam ba, na cika katan guda, kowane ɗan wasa da nasa har masu zaman benci. Girman ƙafarsu ma ban tambayi kowa ba, da ido na auna su tun daga saman bene.

Muka same shi a bakin fili da la'asar. Can nesa ga Babana yana zagaye, rigarsa sharkaf. Da ya hango mu da katan, sai ya tsaya cak ya ɗora hannu biyu a ka. Koci ya busa usur, ya ci gaba da gudu.

Na ce nihaw, na zuba gaisuwa da ɗan Sinancin kasuwa da nake ji, sauran na cike da Turancin ajin manya. Shi ma Turancinsa a hankali yake tafiya, don haka muka fahimci juna. Alhaji ya dafa ƙirji yana ta faɗin fardon, fardon. Na buɗe katan.

Koci ya ɗauki takalmi ɗaya, ya juya shi, ya danna tafin da babban yatsa. Na ga ya san abu mai kyau. Ya mayar, ya rufe katan da kansa.

"Meyo," in ji shi.

Kalmar da nake ji sau hamsin a wuni a kasuwa, wadda na san in ka juya baya takan zama akwai. Na juya baya kuwa, na yi taku uku. Ba wanda ya kira ni. Na dawo.

Ya ce, "Uwa, in na karɓi wannan katan, yaronki ba zai sake sa riga ba har ya gama makaranta. Ki ɗauke shi kafin wani ya gani."

Ya ƙi kilishi. Goro ne kaɗai, da Alhaji ya matsa masa, ya gutsuri ɗan kaɗan, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya bi da shayi da sauri. Da ba a cikin fushi nake ba da na faɗi ƙasa don dariya.

Na ce, "To me kake so? Ya ce ya yi laifi. Ya ba da haƙuri. Jininsa kake so?"

Sai ya buɗe shuɗin fayil ɗin nan. Ashe takardun 'yan wasa ne na shekara da shekaru, duk wanda ya taɓa shiga hannun hukuma: wanda ya yi dambe a gidan cin abinci, wanda ya tuƙa babur babu izini, kowa da rubutun hannunsa, wasu shafi biyu, wasu uku. Ya zaro ta Babana. Layi uku ce. Ya karanta mini: na sauke baƙo, na manta ban kai shi rajista ba, ina neman afuwa.

Ya ce, "Wannan yaron shi ne yake tuna wa sababbin 'yan wasa na ƙasashen waje su je rajista. Shi yake raka su. Mutum irin wannan ba ya mantawa. Akwai abin da ya cire. Ban damu da ko mene ne ba, amma ba zan tura mutum gaban raga ba alhali na san yana iya kallon idona ya faɗi rabin magana."

Na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara. Abin da ya cire ni ce. Yaron nan ya gwammace ya rasa wasan da ya yi shekara yana mafarki da a ce ya tsaya gaban mutane ya ce Gwaggona ce ta hana ni. Ni na koya masa haka. A wurinmu ba a kwance wa babba zani a gaban jama'a, ko da babban ne ya yi kwaɓar.

Na ce wa Alhaji ya ɗauki katan mu tafi. A mota yana ta magana, ban ji ko ɗaya ba.

Washegari bayan sallar asuba na share teburin da nake jera samfurin takalma, na yago takarda daga littafin oda. Wanda ya koyi rubutu yana yaro ba zai gane wannan ba. Ni da baki zan iya juya magana sau goma kafin lawban ya ƙifta ido, zan iya cewa ai ba haka nake nufi ba, ai wasa nake. Amma biro a hannuna a hankali yake tafiya, harafi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da na sa yana nan zaune yana kallona. Na fara da cewa baƙo ya zo mana a gajiye. Gaskiya ne. Na rubuta cewa a al'adarmu ba a barin baƙo a titi. Shi ma gaskiya ne. Sai na ga na cika rabin shafi ina yabon kaina. Na yage. Na sake. A ta uku ce na rubuta abin da ya kamata: na san dokar, yaro ya tuna mini, na yi masa tsawa, na ce wa zai sani. Da na zo kan wa zai sani, sai da na tashi na zagaya ɗaki na dawo.

Da la'asar na koma fili ni kaɗai, babu leshi, babu katan. Na ce wa koci ya tara mini yaransa. Ya dube ni, ya dubi takardar hannuna, ya busa usur.

Suka zauna a kan ciyawa, 'yan China da 'yan Afirka da wasu dogaye daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Babana ya matso yana raɗa.

"Gwaggo, don Allah. Don girman Allah ki bari."

"Kai, tsaya nan. Kai za ka fassara. Kuma in ka rage kalma ɗaya zan sani, ina kallon bakinka."

Da Hausa na karanta, da ƙarfi, irin muryar da nake kiran masu dako a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ina faɗin layi, yana juyawa da Sinanci, kansa a ƙasa. Da muka zo wurin tsawar, ya yi jinkiri. Na ce, "Faɗa musu!" Ya faɗa. Wani mai tsaron gida ƙato ya fashe da dariya, ya ce wani abu, sauran suka kwashe. Na tambaya me ya ce. Babana ya ce wai ya ce tasa kakar ma haka take, gara 'yan sanda da ita. Na nuna shi da yatsa na ce kakarsa ta iya tarbiyya.

Na gama, na miƙa wa koci takarda, na ce, "Ga wadda ta cika. Ba shi rigarsa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce shiye-shiye, ya gode. Sannan ya ce, "Wannan taki ce. Tasa har yanzu ban gani ba."

Wallahi saura kaɗan in fizge gorar shayin nan in jefa ta cikin raga. Amma ya juya ga Babana, ya yi masa tambaya ɗaya, ya sa shi ya fassara mini. Ya ce daga ɗakinka zuwa ofishin 'yan sanda tafiyar minti nawa ce? Babana ya ce goma. Koci ya ce to wa ya hana ka ka ba baƙo ruwa, ka ba shi gado, ka ce wa gwaggonka to, sannan in ya huta ka raka shi? Da ka girmama ta, da ka girmama baƙo, da kuma mutum goma sha ɗaya ba su rasa ɗan gabansu ba. Kai ka ga hanya biyu kaɗai, ko ka saɓa mata ko ka saɓa doka. Ɗan wasan gaba kuwa aikinsa ke nan, ya ga hanya ta uku.

Babana ya ari biro a wurin mai tsaron gidan nan, ya zauna a kan kular ruwa, ya ɗora takarda a gwiwa. Ana atisaye yana rubutu. Ni ma ban tafi ba, na zauna a benci ina gyara wa wani yaro igiyar takalmi da ya ɗaure kamar ɗaurin buhu. Kafin a tashi ya cika shafi biyu. Ya miƙe ya karanta a gaban kowa. Koci ya sa takardar a fayil. Bai ce komai game da riga ba.

Ranar wasa na cika layi biyu na bene da mutanena. Alhaji ya ɗage tafiyarsa saboda ita. Aka fito, na ƙirga, babu Babana a cikin sha ɗaya. Can na hango shi a benci, da rigar sama mai zif a rufe har wuya. Aka zura mana ɗaya tun ba a yi nisa ba. Na tashi tsaye ina yi wa koci magana da Hausa tun daga sama, maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Alhaji yana jan mayafina yana cewa, "Hajiya zamna, za su hidda mu."

Aka dawo hutun rabin lokaci. Sai na ga koci ya ajiye gorar shayi, ya yi wa benci alama da yatsa ɗaya. Babana ya miƙe, ya zuge zif. Lamba tara! Jama'a, ban san lokacin da na haye kan kujera ba. Guɗar da na yi a ranar, na tabbata masu lodin kwantena sun ji ta a bakin ruwa.

Taɓawarsa ta farko ya zame ya faɗi. Ta biyu ya buga sama, har ƙwallo ta kusa fita makarantar. Na ce kwana goma sha biyu babu ƙwallo, me ake jira? Amma ina kallon ƙafarsa, na ga gudun zagayen nan bai tafi a banza ba, kowa ya fara jan ƙafa shi kuwa kamar yanzu ya tashi daga barci. Ya karkata kafaɗa, mai tsaron baya ya zauna, ya buga, raga ta motsa. Ɗaya da ɗaya! Kular zoɓo ta kife a kan babbar rigar Alhaji, bai ko kula ba, yana ta tsalle yana kabbara.

Saura kaɗan a tashi ya sake samun ta, shi da mai tsaron gida, ga mutum biyu sun rufo shi. Duk benen muna ihu ya buga, ni na fi kowa. Bai buga ba. Ya tura ta gefe da dunduniya, wurin wani siririn ɗan China da ba wanda ya lura da shi, shi kuwa ya ɗan taɓa ta kawai ta gangara ciki. Na sauko daga bene ban san ta ina na bi ba, takalmina ɗaya ya tsaya a matakala. Ni, mai sayar da takalmi, na shiga fili da ƙafa ɗaya a tsirara.

Da hayaniya ta lafa na je wurin koci na ce ya ba ni takardata, tunda aiki ya ƙare. Ya buɗe fayil ya nuna mini ita, an huda ta an jera tsakanin ta Babana da ta wanda ya yi dambe a gidan cin abinci. Ya rufe, ya mayar hammata.

"Meyo," in ji shi.

Wannan karon ban juya baya ba, na san ba za a kira ni ba. Tana can har yau, da karkataccen rubutuna da gurbin da biro ya huda takarda a kan wa zai sani. A duk fayil ɗin nan ni kaɗai ce ban taɓa shurin ƙwallo ba.